Ƙullutun Da Ya Ƙi Komawa

A shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Rusairis, samarin ƙauyenmu kusan duk sun kwashe sun tafi can aikin lada. Ƙauyen ƙarami ne, yana gabas da kogi, ƙetaren Abu Hujar, kuma dukanmu Hausawa ne, jikokin waɗanda suka taso daga yamma da niyyar hajji suka zauna a hanya. Masu iyali ne kawai suka rage a gida, irin mijina da wansa. Gonarsu ɗaya ce, gandun da ubansu ya bari, suna shuka dawa da riɗi. Wan shi ne mai magana a gidan. Abin da ya ce shi ake yi, ko uwarsu ba ta tsallake maganarsa. Yaya mijina yake ce masa, ni ma haka na bi. Uwar kuwa Inna muke ce mata.

Ni baƙuwa ce a garin. Iyayena suna can Jazira, wajen Kamlin, suna aikin auduga. Aure ne ya kawo ni, ba ni da wa ba ni da kawu a wannan gefen kogin. 'Ya'yanmu uku a lokacin: namiji babba wanda ya fara bin awaki, sai mace, sai jaririyar da nake goyo.

Mijina dogo ne, mai ƙarfi, ba shi da yawan magana. Yana da kunya irin wadda ban taɓa gani ga namiji ba. Ko riga ba ya tuɓewa a tsakar gida. Akwai kuma wani abu a jikinsa da ni kaɗai na sani. A ƙasan mararsa ta dama akwai wani ƙullutu da yakan fito idan ya ɗaga kaya mai nauyi ko ya yi tari. Mu ƙaba muke ce masa, Larabawa su ce fitag. Idan ya fito sai ya shiga ɗaki ya kwanta rigingine, ya sa yatsu ya danna a hankali, sai ka ji ƙululu, ya koma ciki. Ya tashi ya ɗaure wando ya koma aikinsa. Shekaru yana haka. Na taɓa ce masa ya nuna wa hakim, wato mai ba da magani a ɗan ɗakin shan magani na ƙauyen maƙwabtanmu. Ya ce, "In je in kwance wando gaban ƙato ɗan'uwana? Ke dai bar ni."

Abin ya same mu a lokacin yankan riɗi. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira. Idan ya nuna ba a yanke ba, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, aikin shekara ya tafi. Ga shi babu samari. Yaya ya fitar da kowa gona, har matan da ba su saba fita ba.

Ran nan ina tsakar gida ina tuƙa asida, tuwon dawa da za a kai gona, rana ba ta kai tsaka ba, sai ga mijina ya shigo a duƙe, hannu ɗaya a mara. Bai taɓa barin gona a wannan lokaci ba. Ya wuce ɗaki ya faɗa kan angareb, gadonmu na igiya. Na bi shi.

"Malam, lafiya?"

"Dami na ɗaga," ya ce. "Ya fito, ya ƙi komawa."

Ya danna, ya sake dannawa, gumi na zubo masa. Ya ce in gwada. Na sa hannu na ji abin ya canza. Da can laushi gare shi, yana motsi ƙarƙashin yatsa. Yanzu ya yi tauri kamar ɗanyar goriba, ga zafi, ina taɓawa ya cije leɓe ya riƙe min hannu. Ciwon cikin kuma zuwa yake yana tafiya. Sai ya lafa har ya yi magana, can sai ya taso ya murɗe shi, ya naɗe ƙafafu ya cusa fuska a matashi don kada yara su ji. Kafin la'asar ya amayar da duk abin da ya ci. Bayan abincin ya ƙare sai wani ruwa kore ya biyo.

Yaya ya dawo daga gona ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce rana ce ta buge shi. Inna ta ce ciki ne ya ƙulle, ta jiƙa filasko ta kawo. Ya sha don kada ya ɓata mata rai, bai daɗe ba ya dawo da shi. Na ce masa a hankali, "Faɗa wa Yaya abin da ke akwai." Ya girgiza kai.

Washegari ko tsayuwa ba ya iya yi sosai. Bai yi bayan gida ba, ko iska ba ta fita, cikin ya fara tasowa. Yaya ya ga dai ba zai samu hannunsa a gona ba, sai ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, ya ɗora shi a kai, ya ce a je wurin hakim a karɓo allura. Ba wanda ya ce in biyo su. Na goya jaririya, na yafa tobena, babban mayafin fita, na bi bayan jakin a ƙasa.

Ɗakin shan maganin ɗaki ɗaya ne na jan bulo, labule ne a madadin ƙofa, kuma labulen a ɗage yake saboda zafi. Maza na zaune kan benci a rumfa, kusan rabinsu 'yan ƙauyenmu. Hakim ɗin Balarabe ne, mai farar riga, ba mugu ba ne, yakan yi wa yara wasa. Mutane sun yi masa yawa a ranar, ana ta zazzaɓi. Ya tambayi abin da ke damun mara lafiya, Yaya ya amsa masa da Larabci: ciwon ciki, amai, ba bayan gida. Hakim ya kwantar da shi, ya danna cikin ta saman jallabiya, daga cibiya zuwa sama. Ya ce, "Imsak ne." Wato ciki ya bushe. Ya juya yana neman kwalba.

Ina tsaye a bakin labule. Na jira mijina ya yi magana, na ga ya zuba wa rufin ɗaki ido. Sai na ji muryata ta fita, da Larabcina na matan Jazira.

"Ya hakim, duba ƙasa. Yana da kumburi a ƙasan mara, jiya ya fito ya ƙi komawa. Ya yi tauri."

Sai wani a kan benci ya yi dariya ta hanci, wani ya taya shi. Yaya ya juyo ya dube ni, ya ce da Hausa, "Fita."

Hakim ya tambayi mijina, "Haka ne?"

Mijina ya juya fuska ga bango ya ce, "Ba komai. Tsohon abu ne."

Hakim ya yi murmushi ya ce babu manomin da ba shi da irinsa. Bai kwance mazagin wandon ba. Abin da ya raba hannunsa da wurin bai kai taƙi ɗaya ba. Ya yi masa allurar kashe zafi, ya zuba masa sharba a kwalba, ruwan gishirin nan mai ɗaci na wanke ciki, ya ce ya shanye da safe. Ya kira na gaba.

A hanyar dawowa Yaya bai daina ba. Ya ce na tsiraita ƙanensa a gaban mutane. Ya ce a gidansu mace ba ta ambaton abin da ke ƙasan cibiyar mijinta ko gaban uwarta, balle gaban maza. Ya ce tarbiyyar barikin auduga ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da muka shiga ɗaki, allura ta ɗan sassauta masa, mijina ya dube ni ya ce, "Uwar yara, kin ba ni kunya yau."

Har yanzu idan na tuna wannan magana sai in ji haushinsa, shi da yake cikin kabari. Na so shi, ban taɓa son wani kamarsa ba, amma na kasa yafe masa wannan juya fuskar.

Sharbar ba ta zauna ba. Ya sha, cikin ya yi ta kuka, ya murɗe shi fiye da da, sannan ta dawo ta baki. Cikin ya kumbura ya yi sheƙi, idan ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Na sami Yaya yana wasa lauje a zaure, na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah a ƙetara da shi babban asibiti. Wannan ba bushewar ciki ba ce."

"Ke kika fi hakim sani?"

"Ban fi shi ba. Amma bai duba ba."

"Wa zai ɗauke shi? Mutum huɗu zan cire daga gona, riɗi na zubewa? A bari magani ya yi aiki. In bai yi sauƙi ba, ranar kasuwa akwai lori."

Na je wurin Inna. Ta yi kuka, ta ce ita ma hankalinta bai kwanta ba, amma asibiti yanka mutane suke yi, kuma ɗanta babba ya riga ya yi magana. Da ina da wa ko ƙane a garin, da na aika an kira shi. Ba ni da kowa. Na koma ɗaki na ci gaba da zubar da kwanon amai ina wankewa.

Sai wata safiya ciwon ya ɗauke. Ɗif, kamar an zare ƙaya. Mijina ya tashi zaune ya jingina da bango, ya ce a ba shi shayi. Inna ta rangaɗa guɗa, ta ɗebi dawa a ƙwarya ta fita sadaka. Yaya ya shigo da lauje a kafaɗa, ya yi hamdala, sannan ya dube ni ya ce, "Ina mai cewa a kai shi a yanka?"

Ni ma na yi murna. Na hura wuta na dafa shayin da hannuna. Amma da na miƙa masa kofin, yatsunmu suka haɗu, na ji nasa sanyi ƙalau kamar na wanda ya fito daga kogi. Idanunsa sun faɗa, hancinsa ya yi tsini, leɓensa ya bushe ya tsage. Na ɗora tafina a ƙirjinsa na ji zuciyar na gudu kamar ta tsuntsun da aka kama. Da ɗakin ya zama ba kowa na ɗaga rigar na duba. Fatar da ke kan ƙullutun ta yi ja, jan ya soma komawa baƙi. Na danna, bai ko motsa ba.

"Ba zafi?"

"Babu," ya ce, har da ɗan murmushi. "Na ce miki zai wuce."

Bayan azahar ya yi wani amai da ban taɓa ganin irinsa ba, ruwan ƙasa-ƙasa, mai kauri, yana warin masai. Abin da ya ƙi fita ta ƙasa ne ya biyo ta sama. Ina fitowa da kwanon na yi kiciɓis da liman, ya zo duba shi don ya ji an ce ya samu sauƙi. Tsoho ne da ya zauna da marasa lafiya da yawa. Ya dubi kwanon, ya shiga ya dubi fuskar mijina, ya fito ya aika yaro gona a kira Yaya. Da ya zo, liman ya ce, "Ku ɗauke shi yanzu ku ƙetara da shi. Kada ku jira kasuwa."

Yaya ya ce, "To, malam." Nan take. Maganar da na durƙusa na faɗa aka ce ban fi hakim sani ba, ita ce dai ba ƙari ba ragi. Sai ga mutum huɗun da aka ce babu.

Suka ɗauke shi a kan angareb ɗin zuwa bakin kogi. Na bar manyan yaran wurin Inna. Ruwa bai gama janyewa ba, ja ne wur, yana tafe da itatuwa. Mai jirgi ya ƙetarar da mu, mijina na kwance a tsakiya, na kare masa rana da gefen tobena. A ɗaya gaɓar muka zauna jiran mota. Da ƙyar aka samu wata lori mai ɗaukar gawayi da za ta arewa, direban ya ga halin da ake ciki ya ce a ɗora shi bisa buhuna. An yi ruwan ƙarshen damina a kwanakin, baƙar ƙasar nan ta zama laka mai kama taya. Mu tafi kaɗan mu kafe, a sauka a tona, a sa itace, a tura. Kowace girgiza sai ya yi nishi, ciwon ya dawo, amma yanzu duk cikin ne, ba wuri ɗaya ba. A hanya muka kwana. Sai da hantsi muka shiga babban gari.

Daktan da ya karɓe mu saurayi ne siriri, bai fi ƙanena ba. Ya dubi cikin sau ɗaya, ya ja labule, ya kwance mazagin wandon da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Abin da ya fara yi ke nan. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Tun yaushe ya ƙi komawa?"

Yaya ya ce, "Jiya ne ya tsananta."

Dakta ya juyo wurina. "Ke ce matarsa? Tun yaushe?"

Na faɗa masa duka, daga ɗaga damin har zuwa aman. Ba wanda ya ce in fita. Da na zo kan sharba ya runtse ido. Da na ce ciwon ya ɗauke har mun yi sadaka, ya ce, "A lokacin ne hanjin ya mutu."

Ya yi mana bayani a tsaye, ana shirya ɗakin aiki. Ya ce akwai ɗan rami a naman mara, hanji ya leƙo ta nan, ramin ya shaƙe shi. Ya kama yatsansa ɗaya ya matse gindinsa ya ce kamar ka ɗaure yatsa da zare ne, da fari zafi, sannan ya kumbura, sannan ya yi baƙi ya daina jin komai. Ya ce da a ranar farko aka kawo shi, ko washegari, ɗan tsagi ne kaɗan, a mayar da hanjin a ɗinke ramin, ya koma gonarsa. Yanzu kuwa hanjin ya ruɓe, dafin ya shiga jini. Ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa, sauran na Allah.

Yaya ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na so ya ɗago mu haɗa ido. Bai ɗago ba.

Aka yi aikin. Ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa mai tsage a kumatu, ta ce mini sun yanke hanji mai tsawon hannu, baƙi ƙirin, sun haɗa sauran. Ya farfaɗo da roba a hanci da wata a hannu. Ruwa yake ta roƙo, an kuma hana. Sai in tsoma auduga in shafa masa a leɓe, ya tsotsa kamar jariri. Yaya ya ga ya buɗe ido sai ya ce zamanmu mu biyu ba shi da amfani, gona ba kowa. Ya bi lorin da ta fara samuwa ya koma.

Na zauna da shi a ƙasa kusa da gadon, jaririya a cinyata. Zazzaɓi ya rufe shi. Wani lokaci ya san ni, wani lokaci ya kira ni da Inna. Na yi ta jira ya ce wani abu game da ranar nan a ɗakin hakim. Ban so ya ba ni haƙuri ba, so nake kawai ya ce ya ji abin da dakta ya faɗa. Da hankalinsa ya ɗan dawo sai ya tambaya ko an gama yankan gefen rafi. Na ce ban sani ba. Can ya ce, "Kada ki riƙe Yaya a zuciya."

Ya sake faɗa, na gyara masa mayafi.

Ya rasu da rana tsaka, ana kiran azahar. Ba halin mayar da gawa a wannan hanya da wannan zafi. Dattijuwar nan ce ta aika unguwar Hausawan garin, wasu mutane da ban taɓa gani ba suka zo suka yi masa wanka suka sallace shi suka kai shi. Matar ɗaya daga cikinsu ta ɗauke ni zuwa gidanta, ta ba ni abinci, ta karɓi jaririyar ta goya don in samu in yi kuka. Ban san sunanta ba har yau. Kabarinsa ma ba zan iya nuna shi ba.

Na koma ƙauye na shiga takaba. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma Musulma ce, ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ban ga inda aka ce don akwai ajali kada a kwance mazagin wando a duba ba. Kafin in fita takaba labarin ya riga ya canza kama. Aka ce ai ya samu sauƙi, har ya tashi ya sha shayi, kowa ya gani. Aka ce wuƙar asibiti ce ta ƙarasa shi. Aka ce matarsa ce ta matsa sai an kai shi, matar nan da ta bayyana tsiraicinsa gaban maza. Liman ya yi ƙoƙarin gyara zancen sau ɗaya ko biyu, amma tsoho ne, bai daɗe ba shi ma ya rasu. Yaya bai taɓa faɗin wannan magana da bakinsa a gabana ba. Bai kuma taɓa ƙaryata ta ba, shi da ya ji bayanin dakta da kunnensa.

Da na gama takaba babana ya zo ɗaukata. Yaya ya ce yara matan biyu in tafi da su, amma namijin ɗan gidan ne, a gandun ubansa zai tashi. Na yi kuka, babana ya yi magana, ba ta yi amfani ba. Na bar shi tsaye a bakin kogi da sandar kiwonsa, Inna na riƙe da kafaɗarsa.

A Jazira na yi tsintar auduga, na yi tuyar kisra, gurasar dawa mara kauri, ina sayarwa a bakin hanya, na aurar da 'ya'yana mata. Ɗana nakan samu labarinsa daga bakin matafiya. Sai da ya zama saurayi, gemu ya fara fito masa, ya zo ya same ni. Ya yi tsawon ubansa, da irin shirunsa. Baba yake ce wa Yaya. Ya kwana biyu, ran da zai koma muna zaune a inuwa ina tsince wake, ya ce, "Inna, wai gaskiya ne ke kika sa aka kai shi aka yanka?"

Na ajiye faifan. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har inda ƙullutun yake da yadda ya yi a hannuna. Na ga kunya ta kama shi, ya kawar da kai yana kallon ƙasa, yana zane da tsinke. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Na ce amin. Ya tashi ya ɗauki jakarsa, na raka shi bakin titi. Ban san ko ya yarda da ni ba, ban kuma tambaye shi ba. Motar ta zo ya hau.